Malaman Ƙananan Yara: Horonsu da Albashinsu

Mutane da yawa suna tsammani duk wanda ya gama sakandare zai iya riƙe ajin nazare, wai ba abin da ake yi a ciki sai waƙa da tafi. Wannan tunani ya jawo wa yaranmu hasara. Daga shekara 3 zuwa 5 ne yaro yake koyon magana sosai, da riƙe fensir, da zama da 'yan'uwansa ba faɗa. Malamar da ba ta sami horo ba takan tilasta wa ɗan shekara 3 ya rubuta 1 zuwa 100, alhali yatsunsa ba su yi ƙwari ba. In ya kasa, sai bulala. Daga nan yaro ya fara tsoron makaranta.

Wane horo ake bukata? A da takardar Grade II ta isa, amma yanzu NCE ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa a Nijeriya. Karatun shekara 3 ne a kwalejin ilimi, kuma akwai sashe na musamman domin ilimin ƙananan yara. A can ake koyon yadda yaro yake girma, da lafiyarsa da abincinsa, da koyarwa ta hanyar wasa, har da haɗa kayan aiki daga kwali da murfin kwalba. Wanda ya riga ya kama aiki yana iya yin karatun daga nesa ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma ta sa kula da ƙananan yara cikin shirinta.

Inda gizo yake saƙa shi ne wajen biya. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Makarantun nazare da yawa, na masu zaman kansu da na ikkilisiyoyinmu, ba su kai haka ba, saboda haka sukan biya abin da suka ga dama. Mai NCE kuwa da ta sami wurin da ya fi, ko ɗinki ya karɓe ta, sai ta tafi. Yara su dawo hutu su tarar da baƙuwar fuska, a sāke farawa daga fari.

Saboda haka muna roƙon kwamitocin makarantunmu su fara ware albashin malamai kafin fenti da sabuwar ƙofa, su kuma taimaki marasa takarda su ƙaro karatu. Iyaye, ku tambayi horon malamar ɗanku yadda kuke tambayar kuɗin makaranta. Ku kuma ɗalibanmu masu fita bana, maza da mata, in kuna da haƙuri da yara, ku nemi wannan sashe da zuciya ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai hannun da ya iya.