Dajin Farnan da Kangon Birnin Romawa: Abin da Manomi Zai Gani a Tunisiya

A arewa maso yammacin ƙasar Tunisiya, kusa da iyakarta da Aljeriya, akwai wurare uku da hanyar mota guda ta haɗa. Na fari kangon wani birnin Romawa ne mai suna Bulla Rejiya. Na biyu dajin duwatsun Kumair. Na uku wani ƙaramin gari a tsakiyar dajin, ana ce da shi Ain Daraham. Masu yawon buɗe ido sukan je su ga gine-gine su sha iska. Mu kuwa manoma ne, saboda haka za mu bi hanyar nan da idon manomi, muna tambaya: yaya ƙasar nan ta ciyar da mutane shekaru aru-aru? Me ya rage mata ƙarfi? Wa ke da iko bisa itatuwanta? Tambayoyin nan su ne muke fama da su a ƙungiyoyinmu, a daidai lokacin da itatuwan gonakinmu ke ƙarewa a murhu.

Birnin da alkama ta gina

Bulla Rejiya tana kamar kilomita 9 daga garin Janduba, a gefen kwarin kogin Majarda. Da fari birnin sarakunan Numidiya ne, kāna ta shiga hannun Romawa. Kaisar Hadiriyan, wanda ya yi mulki daga shekara ta 117 zuwa 138 bayan haihuwar Almasihu, ya ɗaga matsayinta ta zama kamar biranen Romawa na ainihi.

Abin da ya fi jan hankalin baƙo shi ne gidajen masu arziki. Zafin bazara a kwarin nan ba na wasa ba ne, don haka suka haƙa ƙasa suka gina ɗakuna a ƙarƙashin gida, kewaye da tsakar gida wadda aka bari a buɗe don haske da iska su shiga. Har yau mutum yana sauka ta matakala ya ji sanyi, ya ga daɓen da aka yi da ƙananan duwatsu masu launi yana nan inda aka shimfiɗa shi. Akwai kuma kangon gidan wanka, da dandalin wasa, da na majami'u. Augustin, bishop na Hippo, ya taɓa yin wa'azi a wannan birni.

To, ina aka sami dukiyar wannan aiki? Daga gona. Kwarin Majarda yana cikin manyan rumbunan daular Roma. Marubucin tarihin nan Yusufus, wanda ya rayu a ƙarni na 1, ya rubuta cewa hatsin Afirka ta Arewa ne ke ciyar da mutanen birnin Roma wata 8 a shekara. Kowane ginshiƙi da muka gani a kangon nan, guminsa na manomi ne.

Dokar da aka sassaƙa a dutse

Manoman nan yawancinsu ba su mallaki gona ba. Ƙasar ta Kaisar ce ko ta manyan attajirai, su kuwa suna noma ana raba amfani. An tono duwatsu da yawa a kwarin Majarda masu ɗauke da sharuɗɗan wannan noma. Ɗaya daga ciki, wanda aka samu a Hanshir Matish, an rubuta shi a shekara ta 116 zuwa 117. Ga kaɗan daga abin da ya ƙunsa:

1. Manomi zai ba da kashi ɗaya cikin uku na alkama da sha'ir da man zaitun.
2. Wanda ya dasa zaitun a saura ba zai ba da kome daga cikinsa ba sai bayan shekara 10. In ɓaure ne ko inabi, shekara 5.
3. Zai yi wa mai ƙasa aiki kwana 6 kaɗai a shekara: 2 lokacin huɗa, 2 lokacin noma, 2 lokacin girbi.
4. Wanda ya bar gonarsa shekara 2 bai noma ba, ya rasa hakkinsa a kanta.

Wasu duwatsun na zamanin Hadiriyan sun nuna cewa wanda ya raya saura yana iya barin ta ga magadansa. Mu lura da hikimar da ke nan. Zaitun itace ne mai jinkiri. Ba wanda zai dasa shi in bai tabbata shi ko ɗansa zai ci amfaninsa ba. Masu mulki sun gane haka, suka ba manomi tabbaci, sai duwatsu da saura suka cika da itatuwa.

Akwai wani dutse kuma da aka samu a Suk al-Khamis, garin da yanzu ake kira Bu Salim, ba nisa da Bulla Rejiya. Wajen shekara ta 182 wani ɗan kwangila da ke riƙe da gonakin Kaisar ya haɗa baki da wakilan gwamnati, ya ƙara wa manoma kwanakin aiki, har aka turo sojoji suka doki waɗansu. Manoman ba su watse ba. Suka haɗa kai suka aika da kuka guda zuwa ga Kaisar Komodus a Roma. Amsa ta zo cewa kada a karɓi abin da ya wuce ƙa'ida. Sai suka sassaƙa kukan da amsar a dutse don kowa ya gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sun kuma san amfanin ajiye magana a rubuce.

Itacen da ake girbi ba a sarewa

Daga kango hanya ta miƙe arewa, ta ratsa garin Farnana, ta fara hawa dutse. Ain Daraham tana kamar kilomita 40 daga Janduba, a tudu mai tsayin mita 800 bisa teku. Ita ce ta fi ko'ina samun ruwan sama a Tunisiya, wajen milimita 1,500 a shekara, watau kamar ninki uku na abin da Maraɗi ke samu. Amma daminarsu da sanyi take zuwa, har da dusar ƙanƙara, shi ya sa rufin gidajensu yake a karkace, na jan yumɓu.

Babban itacen dajin nan shi ne wanda mutanen wurin ke kira farnan. Ɓawonsa ne ake yin murfin kwalba da shi, da shimfiɗar daɓe, da abin tare zafi a gini. Ga yadda ake girbinsa. Ba a taɓa itacen sai ya kai shekara 25 ko fiye. Da zafi, wajen watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da ɓawo ke saki da sauƙi, sai gwani ya zo da gatari ya tsaga ɓawon daga sama zuwa ƙasa, ya ɓamɓare shi falle-falle da ƙotar gatarin. Ƙarƙashin ɓawon akwai wata fata mai rai. In gatari ya yanke ta, wurin ba zai sāke yin ɓawo mai kyau ba, cuta kuma ta sami ƙofa. In an bar ta lafiya, jikin itacen ya yi ja, ɓawo ya soma tohowa. Sai a jira shekara 9 zuwa 12 kafin a komo.

Ɓawon fari kaushi gare shi, ba shi da kuɗi sosai. Sai a girbi na uku ake samun mai kyau na murfin kwalba. Ashe wanda ya reni itacen ba lalle ne ya ga ribarsa ba, amma itace guda yakan rayu shekara 200, ya ciyar da jikoki da tattaɓa kunne. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Haka muke ɓare kuka mu tufka igiya, ta kuwa warke. Haka muke cin ɗorawa da kaɗanya waɗanda ba mu muka dasa ba.

Abin da ke damun dajin

Dajin nan na gwamnati ne, ita ke sayar da ɓawon. Mazauna ciki suna da izinin kiwo da ɗiban busasshen itace, suna samun aikin lada lokacin girbi, suna kiwon zuma, mata kuma suna tatsar mai daga ganyaye masu ƙanshi su sayar. Duk da haka yankin Janduba yana cikin mafi talauci a ƙasar. In mutum bai ga rabonsa a jikin itace ba, akuyarsa zai fi kula da ita.

Nan matsalar take. Awaki da shanu suna cinye 'ya'yan farnan da suka zuba, suna kuma cinye tsiron da ya fito. Baƙo zai ga manyan itatuwa ya ce daji lafiya lau, amma manomi zai duba ƙasa ya tambaya, ina ƙananan? Dajin da ba shi da ƙanana kamar gari ne da ba yara. Ga kuma gobara. Ɓawo mai kauri yakan kāre farnan daga wuta, amma wanda aka ɓare kwanan nan tsirara yake. A watan Yuli na 2023 wuta ta ci daji a Malula, kusa da Tabarka, har mutane suka bar gidajensu.

In tudu ya yi sanƙo, kwari ne ke biyan bashi. Ruwa ya kwashe ƙasa ya zuba a kogi. Birnin Utika a dā tashar jiragen ruwa ce a bakin Majarda. Lakar da kogin ya yi ta kawowa ta cike gaɓar, yanzu kangonsa yana kamar kilomita 10 daga teku. Madatsar Sidi Salim, wadda aka gama a 1981, ita ce mafi girma a ƙasar, ita ma laka tana rage mata ciki. Ƙasar da ta cike madatsa, gonar wani ce ta tafi.

Abin da za mu ɗauka

Farnan ba zai yi a ƙasarmu ba, domin yanayinmu dabam ne. Amma darasin zai yi, an kuwa gwada shi kusa da mu. Tun wajen 1983 manoman Maraɗi, tare da ma'aikatan mishan na SIM, suka soma abin da ake kira sassaben zamani. Maimakon a sare kowane toho na kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi masu ƙarfi kaɗan a bari, a datse sauran. Abin ya bazu sosai sa'ad da manoma suka tabbata itacen da suka rena nasu ne. An ƙiyasta cewa kadada miliyan 5 a kudancin Nijar sun sāke samun itatuwa ta wannan hanya, gawo kuwa yana cikin na gaba.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta zauna kafin sharar gona ta tattauna waɗannan:

1. A gonar haya ko ta aro, itacen da manomi ya rena na wane ne? In ba a sani ba, a je wurin mai gona da mai unguwa a daidaita, a rubuta, sakatare ya ajiye takardar.
2. Kowa ya ƙirga itatuwan gonarsa, manya dabam, ƙanana dabam. In ƙanana ba su fi manya yawa ba, aiki ya same mu.
3. Wane yanki za mu hana kiwo shekara 2 ko 3 don tsiro ya fi ƙarfin bakin akuya? A shirya wannan tare da makiyaya, kada a yanke a bayansu.
4. Wa zai share gewayen wuta kafin ciyawa ta bushe?
5. Masu ɓare kuka da masu sassaƙar magani, su ɗauki gefe guda su bar itace ya warke. Kada a zagaye shi.

Ƙungiyar da ta gama shawara ta aiko mana da abin da ta yanke, da yawan itatuwan da ta ƙirga, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.