Dutsen Zagami da duniyar Mars: Abubuwan da ya kamata ka sani

Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami, yankin Faskari, a Jihar Katsina ta yau. An ruwaito cewa wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai ya ji ƙara, dutsen ya nutse cikin ƙasa kusan ƙafa biyu, 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Yau masana sun yi ittifaki cewa daga duniyar Mars ya fito. Ɗakin gwaje-gwaje ne ya tabbatar da haka.

Ta yaya aka gane asalinsa?

A 1976 kumbunan Viking guda biyu na Amurka suka sauka a Mars, suka auna iskar can, suka aiko da sakamako. Aka adana.

Shi kuwa dutsen Zagami, in aka yanka shi, akan ga baƙaƙen jijiyoyi da ƙananan ɗigo masu kama da gilashi. Sun samu ne lokacin da wani ƙaton dutse ya rafka wa Mars karo, zafin ya narkar da wasu sassan, suka daskare nan take da iska a kulle a ciki. Masu bincike suka gasa waɗannan ɗigo a cikin na'ura, suka tara iskar da ta fita, suka auna. A 1995 aka wallafa sakamakon: ta yi daidai da wadda Viking ta auna. Tun 1983 aka fara gano irin wannan shaida a wani dutse da aka tsinto a Antaktika.

Wa ya faɗi shekarunsa?

Wasu sinadarai suna rikiɗa a hankali, bisa ƙa'idar da ba ta sauyawa. Yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit, yakan koma dalma. In aka auna abin da ya rikiɗa da abin da ya rage, sai lissafi ya fitar da shekaru. Da irin wannan awo aka gano Zagami ya daskare daga narkakken dutse shekara wajen miliyan 180 da suka wuce. Wannan ya nuna cewa an yi aman wuta a Mars ba da daɗewa ba, in aka kwatanta da shekarunta fiye da biliyan 4. Wani awon kuma ya nuna dutsen ya yi kusan shekara miliyan 3 yana yawo a sararin samaniya.

Me ya haɗa madubin hangen nesa da ɗakin gwaji?

Haske kawai madubi ke tarawa. In aka tsaga hasken tauraro zuwa launuka, sai a ga wasu layuka, kuma kowane sinadari da irin nasa. Amma ba a sanin layin wane ne sai an gwada sinadarin a ƙasa an ga zanensa. A 1868 aka ga wani baƙon layi a hasken rana, aka ba mai shi suna hiliyom. Sai a 1895 William Ramsay ya samo shi a ɗakin gwaji a Landan.

Haka ma duwatsu: akan haska su a ɗakin gwaji, a adana zanen haskensu, don a fassara abin da kumbo ya aiko. Har wani ɗan ɓalli na Zagami aka liƙa a kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996.

Ina dutsen yake yanzu?

Da farko Kaduna aka kai shi, wurin hukumar binciken ƙasa. Daga baya kaso mai yawa ya shiga hannun dillalai, aka yanyanka shi, ya watsu a jami'o'i da gidajen tarihi na duniya. Nijar ma ta ɗanɗana: dutsen Mars mai kilo 24 da ɗoriya da aka tsinta a yankin Agadas a 2023 an yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, har gwamnati ta buɗe bincike.

In ya faɗo a gonarka fa?

Manomin da ya ga baƙon dutse mai ƙonanniyar baƙar fata da nauyin da ya fi girmansa, kada ya wanke shi, kada ya fasa, domin ruwa da gumin hannu na ɓata shaidar da ake nema. Ya ɗauki hotonsa a inda yake, ya riƙe rana da lokaci, ya sa shi a leda mai tsabta. Maganaɗisu na kama yawancin irin waɗannan duwatsu, amma na Mars da ƙyar. Sai a sanar da mai unguwa, a tuntuɓi malaman kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko hukumar binciken ƙasa a Kaduna, tun kafin dillali ya riga su zuwa.