Zaɓen 2027 da Makomar Shimfiɗa Wayar Faiba

ABUJA: A watan Mayun 2024 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a kafa wani kamfani na musamman wanda zai shimfiɗa wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasar nan, a kan kuɗin da aka ƙiyasta za su kai Dala miliyan 2,000. In an kammala, tsawon babbar hanyar sadarwa ta ƙasa zai tashi daga kilomita 35,000 zuwa 125,000. Aikin na shekaru ne, saboda haka waɗanda za su hau kujeru bayan babban zaɓen 2027 su ne za su gāji mafi yawansa.

Faiba dai zaren gilashi ne siriri kamar gashi, wanda ake binnewa a ƙasa, yana ɗaukar saƙo ta hanyar haske. Fataken da ke sauke albasa da tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas ba sa ganinta, amma ta kanta ne kuɗinsu ke bi zuwa Sakkwato ko Kano. Idan za a iya tunawa, a watan Maris na 2024 wasu manyan wayoyi na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, inda hada-hadar bankuna ta yi tsaiko na kwanaki.

A bakin teku ƙasar nan ba ta da ƙarancin waya. MainOne da Glo-1 sun fara aiki a Legas a 2010, WACS a 2012, sannan Equiano ta iso a 2022. Wahalar tana wajen jan wayar daga Legas zuwa ƙananan hukumomi 774, kuma a nan ne ƙuri'ar zaɓen gwamna ke yin nauyin da jama'a ba su cika lura da shi ba.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Duk kamfanin da zai haƙa rami a gefen hanyar jiha sai ya biya kuɗin izinin wucewa, mita bayan mita. Tun 2013 aka cim ma matsaya a Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, cewa kuɗin ya tsaya a kan Naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama suka koma gida suka ci gaba da karɓar dubbai. Lissafin ba shi da wuya. A kan Naira 145, kilomita ɗaya zai ci Naira 145,000. A kan Naira 4,500, wadda Jihar Ekiti ke karɓa kafin 2020, zai ci Naira miliyan 4.5 tun ba a sayi wayar ba. A shekarar ce Gwamna Kayode Fayemi ya sauko da kuɗin zuwa Naira 145, Gwamna Nasir El-Rufa'i na Kaduna kuwa ya yafe shi gaba ɗaya.

Sai dai rangwamen da gwamna ya yi da alƙalaminsa, magajinsa na iya soke shi da nasa, musamman in ya tarar da baitulmali wayam da bashin albashi. Mai zuba jarin da zai binne waya don ribar shekara ashirin dole ya sa wannan cikin lissafi. Jihohi 28 ne za su zaɓi gwamna lokacin babban zaɓen, sauran 8 kuwa suna da nasu lokacin dabam.

Akwai kuma ɓarnar da ayyukan hanya ke yi. Katafilar ɗan kwangila kan tsinke waya cikin minti ɗaya, gyaran ya ɗauki kwanaki, ga shi kuma gabanin zaɓe ne aka fi gaggawar gina hanyoyi. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimmiyar kadarar ƙasa, amma aiwatar da shi na hannun ma'aikatun ayyuka da jami'an tsaro.

A matakin tarayya, tarihi ya nuna yadda sauyin gwamnati ke juya akalar harkar. An sayar da NITEL ga Transcorp a 2006 zamanin Obasanjo, gwamnatin 'Yar'aduwa ta soke cinikin a 2009. Tsarin shekarun 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin Minista Isa Ali Pantami, ya yi burin intanet mai sauri ta kai kashi 70 cikin 100, amma wa'adin ya cika alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa na wajen kashi 50.

Manufar canjin kuɗi ma tana ciki, domin da Dala ake sayen kayan aikin. Bayan an saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, abin da ya kai hukumar ga amincewa da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da na data a watan Janairun 2025. Bankin Duniya ya amince da rancen Dala miliyan 500 don sabon aikin a 2025, sauran kuɗin kuwa ana sa ran mafi yawansu su fito daga 'yan kasuwa masu zaman kansu, waɗanda bisa al'ada sukan riƙe jakarsu har ƙurar zaɓe ta lafa.

Ko bayan rantsuwa a ranar 29 ga Mayu, akan ɗauki lokaci kafin ma'aikatu su sami shugabanni. A 2015 sai watan Nuwamba aka rantsar da ministoci, a 2023 kuwa sai watan Agusta.