Haƙar Kuza da Mallakar Ƙasa: Daga Kudancin Kano Zuwa Tsaunukan Jos

Idan aka tambayi dattijo a Kangire, ko a wani ƙauye na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, yadda gona take zama ta mutum, amsarsa ba za ta wuce hanyoyin da aka sani ba, wato gado da saye da kyauta da aro da jingina, sai kuma saran daji. Saran daji shi ne tushen sauran. A ƙarni na 19 wannan yanki bakin iyaka ne tsakanin masarautar Kano da Ningawa, waɗanda hare-harensu suka tsananta a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi (1855-1882). Daji ya yi yawa, mutane sun yi kaɗan, don haka sarakuna suna maraba da duk wanda zai zauna ya ƙara wa gari ƙarfi. Baƙo kan nemi izinin dagaci, ya sa gatari, ya noma, ya biya kuɗin ƙasa. Bayan shekaru gonar ta zama abin gadon 'ya'yansa. A wannan tsari, aiki da daɗewa su ne suke mayar da baƙo ɗan gari.

Haƙar ma'adinai ta zo da wani tsari dabam, kuma babu inda ya fi bayyana kamar a tarihin kuza.

Kuza Kafin Zuwan Turawa

Ba Turawa ne suka koya wa Hausawa aikin kuza ba. A Riruwai, can ƙarshen kudancin ƙasar Kano, an daɗe ana wanke kuza daga yashin rafi, a narka ta a fitar da dalma, a zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni. Rashin zaman lafiya na ƙarni na 19 ya sa wasu masu sana'ar suka ƙaura zuwa ƙasar Bauchi, suka kafa Riruwan Dalma. Sunan garin ma kaɗai ya isa shaida kan abin da ya tara mutanensa. Dalmar da ake gani a kasuwanni ita ce ta ja hankalin Kamfanin Neja, har ya aika masu bincike su bi sawunta a farkon ƙarni na 20. Daga cikinsu akwai H. W. Laws, wanda ya kafa sansani a Naraguta, kusa da inda Jos take a yau. Ba a daɗe ba kamfanoni suka mamaye wuraren wankin kuza, sana'ar narkawa ta gargajiya kuwa ta mutu.

Doka Ta Raba Sama da Ƙasa

A nan ya kamata ɗalibi ya natsu. Dokar filaye ta 1910 ta sanya dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, bisa cewa yana riƙe da ita ne don amfanin 'yan ƙasa. Dokokin ma'adinai, musamman na 1916 da 1946, suka mallaka wa gwamnatin mulkin mallaka duk abin da ke cikin ƙasa. Ma'ana, gona ta rabu biyu: manomi yana da abin da ya shuka a sama, hukuma tana da abin da ke ƙarƙashi, kuma ita ce take ba kamfani hayar wurin. Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda suka gaji tsaunukan daga kakanninsu, sai suka wayi gari ana biyansu diyyar amfanin gona, ana kuma tone gonar kanta. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, Kamfanin Neja ya samu alkawarin rabin kuɗin da gwamnati ke karɓa daga ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99, tun daga 1900. Sai a 1950 gwamnati ta fanshi wannan haƙƙi da fam miliyan ɗaya.

Bariki Ya Zama Gari

Kamfanoni suna da fili, amma ba su da hannaye. Mutanen tsaunukan da farko ba su yi sha'awar aikin lada ba, saboda haka aka dogara da 'yan cin rani daga ƙasashen Kano da Zazzau da Bauchi da Barno. Mutum ya gama girbi, ya tafi ya ɗauki kwano a ramin kuza, ya samo kuɗin haraji da na aure. Wasu sun koma gida da faɗuwar damina, wasu kuwa sun zauna ke nan. Mahauta da masu sayar da abinci da malaman allo da makaɗa suka bi su. Jirgin ƙasa daga Zariya ya isa Bukur a 1914, wanda ya taso daga gabas kuma ya isa Jos a 1927. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun dalma, sai aka shiga ɗiban mutane da ƙarfi daga larduna, abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna. An yi wannan har 1944, kuma sanyi da cuta sun kashe mutane da dama.

Mai nazarin harshe yana iya karanta wannan tarihi a sunayen wurare. Barikin Ladi da Gindin Akwati da Sabon Gidan Kanar duk sunaye ne na Hausa a tsakiyar ƙasar da ba ta Hausawa ba, kuma kalmomin "bariki" da "kanar" aro ne daga Ingilishi. Har yau idan Bahaushe ya ce wa mutum "ɗan bariki", yana nufin wanda ya goge da zaman da babu idon dangi a kansa.

To, amma mazaunin bariki ba kamar mai saran daji ba ne. Bai nemi izinin masu ƙasa ba, domin kamfani da Bature ne suka zaunar da shi. Masu ƙasar kuma ba su ne suka ba da wurin ba, balle su ɗauke shi ɗan gari. Ya gina gida, ya haifi 'ya'ya da jikoki, amma ba a taɓa zama an yanke matsayinsa ba. Da darajar dalma ta faɗi a kasuwar duniya a 1985, aikin kamfanoni ya durƙushe, aka bar ramuka cike da ruwa da gonakin da suka lalace da kuma wannan tambaya. Ba daidai ba ne a ce kuza kaɗai ta haifi rikicin "ɗan ƙasa" da "baƙo" da ya ɓarke a Jos a 1994 da 2001 da 2008 da 2010, domin siyasa da addini da ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991 duk suna da hannu. Sai dai wanda ya cire kuza daga bayanin, zai kasa faɗin yadda aka yi mutanen suka haɗu a wuri guda tun farko.

Rabon nan na sama da ƙasa bai tafi tare da Turawa ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta, sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya bar ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya. Saboda haka manomin Kangire da wani kamfanin fasa dutse zai yi sha'awar dutsen da ke gonarsa, ba shi ne zai ba da lasisi ba, ko da kakansa ne ya sari wurin. Abin da Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadar masa shi ne a nemi amincewarsa, a biya shi diyya, kamfanin kuma ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya gari da jama'ar wurin kafin ya fara aiki. Manoma da yawa ba su san da wannan tanadi ba, kuma a ƙauye sau da yawa malamin makaranta ake kai wa takarda ya karanta kafin a dangwala hannu.