Idan Murar Yaro Ta Ƙi Tafiya

A cikin ƙasusuwan fuska akwai wasu ramuka masu ɗauke da iska, kowanne da siririyar kafa da ke buɗewa cikin hanci. Na kumatu da na tsakanin idanu da su ake haihuwar jariri, na goshi kuwa sai wajen shekara 7 suke bayyana. Idan mura ta kumbura cikin hanci, kafofin sukan toshe, majina ta taru, bakteriya su samu wurin hayayyafa. Ƙurar hunturu da hayaƙin itace suna ƙara tsananta lamarin.

Wahalar ita ce bambanta wannan ciwo da murar yau da kullum, wadda yaro kan yi sau 6 zuwa 8 a shekara, ta kuma warke da kanta. Iyaye da yawa kan tsorata da majina ta koma ɗorawa ko kore, alhali launi kaɗai ba hujja ba ne. Abin da likita ya fi dubawa shi ne yadda ciwon ke tafiya. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2013 ta kawo alamu uku: majina ko tarin rana su haura kwana 10 ba sauƙi; ko yaro ya fara murmurewa sai ciwo ya dawo da ƙarfi; ko zazzaɓi ya kai digiri 39 tare da majina mai kauri kwana 3 a jere. Ba a bukatar ɗaukar hoton ƙashi sai an ga alamar ciwon ya bazu. Majina mai wari ta kafar hanci ɗaya kuwa wani zance ne daban, sau da yawa ƙwayar wake ko gyaɗa yaro ya cusa.

Amoksisilin ne maganin farko, wani lokaci haɗe da kilabulanet, yawanci na kwana 10, gwargwadon nauyin yaro. Idan alamun ba su tsananta ba, likita na iya jinkirta shi kwana 3. Farasitamol na sauke zazzaɓi, ɗigon ruwan gishiri na asibiti na sassauta majina. Ba a ba yaro asfirin, kuma sayen kafso a kemis ba da izinin likita ba ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai yake yi.

Idan awa 72 ta wuce da fara magani ba sauƙi, a koma wurin likita. Kumburin fatar ido, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya ko gushewar hankali kuwa na iya nuna ciwon ya kai ido ko ƙwaƙwalwa, sai a garzaya asibiti nan take.