Kalmar Hirsutum da Gashin Ganyen Auduga

In mutum ya shafa ganyen mangwaro zai ji shi da sulɓi. In kuwa ya shafa na kabewa ko na kuɓewa, sai ya ji kaushi, har wani lokaci hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Abin da ya kawo wannan bambanci shi ne gashi. Tsire-tsire da yawa suna da gashi a ganyensu da karansu, amma siriri ne ƙwarai, sai an duba da kyau a ke ganinsa.

Masana ilmin tsiro suna da kalma ta musamman domin irin wannan jiki mai gashi, ita ce hirsutus. Kalmar ta fito daga Latin, watau harshen Rumawan dā na ƙasar Italiya. Su Rumawa ba domin tsiro kaɗai su ka yi amfani da ita ba. Su kan faɗe ta ga bunsuru mai buzu-buzun gashi, da mutum mai cikar gemu, da duk wani abu mai tsikar jiki. Kishiyarta ita ce glaber, watau abin da ba shi da gashi ko kaɗan.

Bayan daular Rumawa ta faɗi, Latin bai ɓace ba. Ya zama harshen malaman Turai, da shi su ke rubuta littattafai, da shi kuma su ke aika wa juna wasiƙu. Daga nan ne kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17. Likitoci kuma su ka are ta domin su ambaci yawan gashin jiki da ya wuce kima.

Wanda ya kafa ta sosai cikin sunayen tsire-tsire wani malami ne na ƙasar Suwidin, Karl Linniyus, wanda aka haifa a 1707, ya rasu a 1778. A zamaninsa tsiro ɗaya ya kan sami sunaye barkatai, kowace ƙasa da nata, har malamai ba su gane abin da 'yan'uwansu ke nufi. A 1753 ya fitar da babban littafi, inda ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu. Ta fari tana nuna danginsa, ta biyu kuwa tana rarrabe shi da sauran 'yan dangin. A 1763 ya raɗa wa wata auduga mai asali daga wajen Meksiko suna Gossypium hirsutum, watau auduga mai gashi. Ƙarshen kalmar ya sāke ne domin ya dace da kalmar da ke gabanta, bisa ƙa'idar Latin.

Masana ba su tara dukan gashi cikin kalma ɗaya ba. In dogo ne mai ɗan tauri, su kan ce hirsutus. In gajere ne mai laushi, sai su ce pubescens. In kuwa ya cukurkuɗe kamar bargo, sai su ce tomentosus, daga sunan abin da Rumawa ke cusa wa matashin kai. Ta haka malami a Indiya zai karanta bayanin malami na Masar, ya san siffar ganyen ko da bai taɓa ganinsa ba.

Ita wannan auduga ta Linniyus ita ce aka fi nomawa a duniya yau, kusan kashi 90 cikin 100. Ita ce kuma a ke nomawa a ƙasashen Funtuwa da Gusau da Zariya. Gashin nata ba ado ba ne. Akwai wani ɗan ƙwaro kore mai tsalle, wanda ke maƙalewa a bayan ganye yana tsotse ruwansa, har ganyen ya nannaɗe, ya yi ja, ya bushe. In ganyen na da gashi mai yawa, ƙwaron ba ya samun wurin sa baki ko yin ƙwai da sauƙi. Shi ya sa masu kyautata iri, kamar na cibiyar binciken noma ta Samaru, ke lura da gashin ganye sa'ad da su ke zaɓen irin da za a ba manoma. Amma ba kowane ƙwaro gashin ke kora ba, gama akwai wani ɗan farin ƙuda da ya fi son ganye mai gashi. Don haka sai an auna, kada ya yi kaɗan, kada kuma ya yi yawa.

Wani abin mamaki shi ne, farar audugar kanta gashi ce da ke fitowa daga jikin gurya. Ita a ke gurzawa, a kaɗa zare, a saƙa tufafi. Ashe duk mai sanye da rigar auduga, gashin tsiro ya ke sanye da shi.

Tambayoyi
1. Daga wane harshe kalmar hirsutus ta fito?
2. Don me Linniyus ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu?
3. Wane amfani gashin ganye ke yi wa manomin auduga?