Likita, Me Ya Jawo Hawan Jinin Nan?

Auna hawan jini ba wuya a unguwar Gwarinpa da ke Abuja. Kantunan magani sun cika manyan titunan unguwar, yawancinsu da na'urar awo a kan kanta, gidaje da dama ma sun sayi tasu sun ajiye a gefen gado. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tambaya. Sai ka ga ma'aikaci ya shekara biyar yana haɗiyar ƙwaya, an fara masa da ɗaya, an ƙara ta biyu, an kai uku, awon yana nan a 160/100, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce wa likita, "To wai me ya jawo shi?" ba. In ma ya tambaya a gida, amsar a shirye take: gado ne, ko tunani ya yi yawa, ko gishiri.

Ga mafi yawan masu ciwon, amsar nan ba ta yi nisa da gaskiya ba. Kusan tara cikin goma ba a samun dalili guda da za a nuna da yatsa. Amma ragowar suna da wata cuta a ɓoye wadda ita ce ke tura jinin sama, kuma da za a gano ta, da magani ya sauya, wani ma ya rabu da ciwon.

Wadda aka fi tsallakewa tana fitowa ne daga wata 'yar tsoka da ke zaune a saman kowace ƙoda, likitoci na kiranta adirinal. Tana fitar da sinadarin aldostiron, wanda ke umartar ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da fotasiyam ta fitsari. Idan ta wuce gona da iri, jiki ya tara gishiri ko da mai shi ya rage na miya, jini ya hau ya ƙi sauka. Wani likitan Amurka, Jerome Conn na Jami'ar Mishigan, ya bayyana cutar a 1954 a jikin wata mata 'yar shekara 34 da ta daɗe tana fama da kasala da ɗaurewar jijiyoyi. Aka yi mata tiyata aka cire ƙari daga tsokar, ta samu sauƙi. An daɗe ana koya wa ɗaliban likitanci cewa da wuya a gamu da wannan cuta. Yanzu an san tana tare da mutum biyar zuwa goma cikin kowane ɗari masu hawan jini, kuma a cikin waɗanda nasu ya ƙi jin magani tana iya kaiwa ɗaya cikin biyar. Duk da haka, ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, 'yan ƙalilan ake yi wa gwajin. Shi ya sa ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ba da shawara a 2024 cewa a duba yiwuwar gwada duk babban mutum da aka tabbatar yana da hawan jini.

Akwai tarko a nan da ya kamata mara lafiya ya sani. Sau da yawa likita zai duba takardar gwajin jini ya ce, "Fotasiyam ɗinka daidai yake, ba wannan ba ce." Alhali mafi yawan masu cutar fotasiyam ɗinsu daidai yake fitowa. Gwajin da ke tona ta shi ne na aldostiron da wani sinadari mai suna renin tare, a jinin da aka ɗiba da safe. Dalilin damuwa da ita kuwa, mai wannan cuta ya fi mai hawan jini na yau da kullum haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, ko da awonsu ɗaya ne.

Sai munshari. A gidajenmu abin dariya ne, uwargida ta yi tsiya da safe a wuce wurin. Amma idan maigida yana munshari, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, ya zabura yana shaƙewa, da rana kuma yana gyangyaɗi a ofis ko a cunkoson hanyar Kubwa, wannan cuta ce, kuma tana hawar da jini. Shi bai san yana yi ba. Wadda ke kwana kusa da shi ce shaida, don haka ya kamata a je asibitin da ita. Ciwon ƙoda da cutar maƙoƙo su ma suna cikin jerin, gwajin jini da na fitsari na nuna su.

Wani dalilin kuma mu muke sayo shi da kuɗinmu. Diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum don ciwon gwiwa ko baya, wasu magungunan mura, ƙwayar tazarar haihuwa, man bilicin, ƙwayoyin sa ƙiba irin su "sha ka fashe", da kunun kanwa na mai jego, wanda likitocin Zariya suka daɗe da alaƙanta shi da ciwon zuciya bayan haihuwa saboda gishirin da ke cikin kanwa. Mace ba ta ɗaukar man shafawarta a matsayin magani, namiji kuma ba zai ambaci jiƙon da yake sha ba sai an matsa. Likita bai san gaibu ba. A zuba komai a leda, har da na gargajiya, a juye masa a kan tebur.

To wa ya kamata ya matsa da tambaya? Wanda ciwon ya kama kafin shekara 40. Wanda ke shan magani iri uku, ciki har da mai sa fitsari, awon bai sauka ƙasa da 140/90 ba. Wanda nasa ya daɗe a daidaice ya birkice rana ɗaya, da wanda aka taɓa ce wa fotasiyam ɗinsa ya yi ƙasa.

Kunya da girmama na gaba tarbiyya ce mai kyau, amma a ɗakin likita tana cutar da mu. Mutum ya shiga, "Ranka ya daɗe, ya aiki?", a rubuta masa takarda, ya yi godiya ya fito da tambayarsa a ciki. Likitan nan kuwa layi ne a ƙofarsa, mintuna kaɗan gare shi, ba zai tono abin da ba a kawo masa ba. Abin da ke tsayar da alƙalaminsa shi ne hujja. Ka yi mako guda kana awo safe da yamma: ka zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Ka rubuta kowane awo da ranarsa. A gida, abin da ya kai 135/85 ya hau. Sannan ka miƙa littafin ka ce, "Likita, ga shi, ina shan uku ban fasa ba. Ko akwai abin da ke jawo shi? Ko ya dace a gwada mini aldostiron da renin, a duba ƙodata?"

Sai dai ka faɗi gaskiya in kana tsallake ƙwaya, domin wannan ya fi duk cututtukan da aka lissafa yawa. Wani lokacin ma haɗin maganin ne bai dace ba. Binciken da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata fiye da wanda babu shi. Tambayar ko naka haɗin ne ya fi dacewa da kai ba rashin kunya ba ce.

Idan an ce ba a yin gwajin aldostiron da renin a nan, ka nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙasa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi, ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, inda ake samun ƙwararrun zuciya da ƙoda. Mai inshora ya tambaya tun da wuri ko ta ɗauki kuɗin gwajin. In an tabbatar da cutar a tsokar adirinal ɗaya, ana iya cire ta. In duka biyun ne, akwai maganin spironolactone. Kada wanda ya karanta wannan ya ruga kemis ya saye shi, domin yana iya tara fotasiyam har ya taɓa bugun zuciya, yana kuma kumbura nonon maza. Wasu ƙwayoyin hawan jini suna rikita sakamakon gwajin, amma likita ne kaɗai zai ce wacce za a sauya da kuma tsawon kwanakin.